Tambaya da Amsa: Me ya haɗa zari-ruga da wariyar launin fata?

Jama'a barkanmu da wannan mako. Saƙonni sun taru a kan ƙwallon zari-ruga, wasan da yawancinmu ba ma bi, to na tsamo guda huɗu da suka fi cizo.

TAMBAYA: Malam barka da aiki. Ni ɗan ƙwallon ƙafa ne, amma a gidan kallon unguwarmu in ba wasa mai gidan yakan bar tasha a kan zari-ruga, kuma duk ranar da Afirka ta Kudu ta haɗu da New Zealand sai masu sharhi su yi ta cewa tsohuwar gaba ce. Wace gaba ce haka? (Daga wani mai karatu a Sabon Garin Zariya)

AMSA: Barka kadai ɗan'uwa. Gaba kam akwai ta, kuma ta haura shekara ɗari, dan tun 1921 suka fara karawa lokacin da Springboks, wato 'yan wasan Afirka ta Kudu, suka je New Zealand. A fili dai rigimar ta waye gwani ce, su biyun ne suka fi kowa cin kofin duniya, Afirka ta Kudu sau 4, a 1995 da 2007 da 2019 da 2023, New Zealand da ake kira All Blacks sau 3, a 1987 da 2011 da 2015. Wasan ƙarshe na 2023 a Paris ma su ne, aka tashi 12 da 11, maki ɗaya tal, bayan an ba kyaftin ɗin New Zealand Sam Cane jan kati tun kafin hutun rabin lokaci.

Amma ainihin ƙullin ba a nan yake ba. A New Zealand akwai 'yan asalin ƙasar da ake kira Maori, Turawa sun zo sun same su ne, kuma sun ƙware a wasan nan ƙwarai, ita wannan rawar yaƙin da kake gani All Blacks suna yi kafin a take wasa, suna zare ido suna dukan cinya, wadda sunanta 'haka' a harshensu, ai al'adarsu ce. A Afirka ta Kudu kuwa zari-ruga ta zama abin tinƙahon Turawan Afrikaner, wato jikokin Turawan da suka zauna a ƙasar tun da daɗewa, kuma su ba su yarda farin mutum ya yi kokawa da wanda ba fari ba a fili ɗaya. To me hukumar wasan ta New Zealand ta yi? Sai ta bi musu. Duk sanda za a je Afirka ta Kudu sai a tace 'yan Maori a bar su a gida. Haka aka yi a 1928, aka bar George Nepia wanda a lokacin da wuya ka samu kamarsa a duniya, haka aka sake a 1949, aka kuma a 1960. Shekarar 1960 ɗin nan fa ita ce 'yan sanda suka harbe baƙaƙen fata masu zanga-zanga 69 a garin Sharpeville na Afirka ta Kudu cikin watan Maris, 'yan New Zealand sama da 150,000 suka sa hannu a takardar koke cewa in babu Maori to kar a je, amma ko gezau, aka tattara aka tafi.

Abin da ya fi ba ni takaici shi ne na 1970. Bayan an fasa tafiyar 1967 saboda Firaministan Afirka ta Kudu Verwoerd ya ce ba ya son Maori a ƙasarsa, wanda ya gaje shi, Vorster, ya ga za su rasa abokan wasa sai ya sassauta, ya ce to su zo amma a matsayin Turawan girmamawa, kamar dai yadda jami'a take ba mutum digirin girmamawa bai taɓa shiga aji ba. Wato na 'yan makonni kai Bature ne, za ka kwana a otal ɗin da baƙar fatan ƙasar ba ya shiga sai dai in shara zai yi. A haka su Sid Going da Bryan Williams, wanda yake da jinin Samoa, suka buga. Sai a 2010 hukumomin wasan na ƙasashen biyu suka fito suka ba 'yan Maori haƙuri, lokacin da yawa daga waɗanda aka yi wa abin sun riga mu gidan gaskiya.

TAMBAYA: Malam, babana ya taɓa ce min Najeriya ta ƙi buga Olamfik saboda zari-ruga, ni kuma na ga ai ba ma wasan ma. Gaskiya ne ko ya haɗa labari biyu ne? (Daga wata ɗaliba a Maraɗi)

AMSA: 'Yata, baba bai haɗa komai ba, daidai ya faɗa, kuma ba Najeriya kaɗai ba har da Nijar ɗinku. A ranar 16 ga Yuni 1976 'yan makaranta suka fito zanga-zanga a Soweto ta Afirka ta Kudu saboda an tilasta musu karatu da Afrikaans, harshen Turawan Afrikaner, 'yan sanda suka buɗe musu wuta, aka kashe ɗaruruwa a cikin makonnin da suka biyo. Jinin bai bushe ba sai ga All Blacks sun sauka a ƙasar za su yi rangadin wasanni, kuma da yardar Firaministansu Robert Muldoon wanda dama da wannan ya yi kamfen, wai siyasa daban wasa daban. A watan Yuli kuma za a buɗe Olamfik a Montreal ta Kanada. Ƙasashen Afirka suka ce a kori New Zealand, kwamitin Olamfik ya ce a'a, ai zari-ruga ba ta cikin wasanninsa, ita Afirka ta Kudun ma an riga an kore ta tun 1970, me kuma ake so. Shi ke nan ƙasashe sama da 20 suka janye, akwai Tanzaniya da Najeriya da Nijar da Gana da Cadi da Sudan da Kenya da Habasha, wasu 'yan wasan sun riga sun isa masauki aka ce su haɗa kaya. Senegal da Kwaddibuwa ne suka tsaya. Wanda yake shugabantar majalisar ƙoli ta wasannin Afirka a lokacin ɗan Najeriya ne, Abraham Ordia, shi da sakatarensa Jean-Claude Ganga na Kwango suka ja ragamar abin.

An yi asara fa, kar a ce ba a yi ba. 'Yan ƙwallon ƙafan Najeriya sun samu gurbi amma ba su buga ba. Duniya kuma tana jiran tseren mita 1,500 tsakanin Filbert Bayi na Tanzaniya mai riƙe da tarihin duniya da John Walker na New Zealand, Bayi bai zo ba, Walker ya ɗauke zinare. Ɗan tsere kuwa shekarun ƙarfinsa 'yan kaɗan ne, in Olamfik ɗaya ta wuce shi wani sai dai labari. Duk da haka ni a ganina an yi daidai, saboda daga nan ne ƙasashen Commonwealth suka ƙulla yarjejeniyar Gleneagles a 1977 cewa kowace gwamnati ta yi iya ƙoƙarinta ta hana 'yan ƙasarta hulɗar wasa da gwamnatin wariya. Najeriya ba ta gamsu da yadda New Zealand take bin yarjejeniyar ba, ta sake ƙaurace wa wasannin Commonwealth na 1978 a Edmonton.

Kuma ashe da gaskiyarta, dan a 1981 Muldoon ya bari Springboks suka shigo New Zealand. Nan fa ƙasar ta dare biyu, wa da ƙani ba sa ga maciji, kusan wata biyu ana zanga-zanga ana fasa kawuna da kulake, ƙasar da ba ta saba ganin haka ba. A garin Hamilton masu zanga-zanga suka ɓalle shinge suka shiga tsakiyar fili suka riƙe hannun juna, dole aka soke wasan, kuma ana nunawa kai tsaye a talabijin har a Afirka ta Kudu. Mandela da yake kurkuku a lokacin ya ce daga baya da labarin ya iso musu ji suka yi kamar rana ta fito. A wasan ƙarshe a filin Eden Park wani ya hau ƙaramin jirgi ya dinga shawagi ƙasa-ƙasa yana jefo ƙullin fulawa, har ɗaya ya kada ɗan wasan New Zealand Gary Knight, a haka aka ƙarasa, New Zealand ta ci 25 da 22. Bayan nan ƙofa ta rufe, kotu ta tsayar da tafiyar 1985, kuma ba a gayyaci Afirka ta Kudu kofin duniya na 1987 da 1991 ba. Takunkumin kaya ana iya zagaye shi ta bayan fage, amma wannan ba dama, kowane Baturen Afrikaner ranar Asabar, ranar wasa, ya san an ƙi shi.

TAMBAYA: Na ga hoton Mandela sanye da koriyar riga yana miƙa kofi. Wai da wannan ne wariya ta ƙare a wasan? (Daga wani malamin makaranta a Kumasi)

AMSA: Malam, ina! Hoton gaskiya ne kuma babban abu ne. Ranar 24 ga Yuni 1995 ne a filin Ellis Park na Johannesburg, a wasan ƙarshe na kofin duniya, Springboks suka hana gwanin New Zealand Jonah Lomu sakat, Joel Stransky ya buga ƙwallon da ta raba gardama a ƙarin lokaci, 15 da 12, Mandela ya fito da riga mai lamba 6 irin ta kyaftin Francois Pienaar, rigar da baƙaƙen fata suka tsana shekara da shekaru, Turawa cike da fili suna kiran sunansa. Dabara ce ta dattijo, yana so ya kwantar wa tsiraru masu kuɗi da bindiga hankali. Amma ka ƙirga 'yan wasan, mutum ɗaya ne ba fari ba, Chester Williams, shi ma daga baya ya faɗi irin zagin launin fata da ya sha a wasan. A 1997 kocin ƙasar Andre Markgraaff ya sauka saboda an naɗi muryarsa yana zagin baƙaƙen jami'ai, a 1998 kuma shugaban hukumar wasan Louis Luyt ya ja Mandelan da kansa har gaban kotu dan kar a binciki hukumar.

Sai 2018, shekara 23 bayan hoton, Rassie Erasmus ya naɗa Siya Kolisi baƙar fata na farko da ya zama kyaftin, kuma shi ya ɗaga kofi a 2019 bayan sun lallasa Ingila 32 da 12 a Japan, ya sake ɗagawa a 2023. Kar kuma wani ya ce maka baƙaƙe sabbin shiga ne, a Gabashin Cape suna buga wasan tun ƙarni na 19, da ƙungiyoyinsu da gasarsu, hana su rigar ƙasa kawai aka yi. Inda gizo ke saƙa yanzu shi ne makarantu. Kolisi ɗan unguwar talakawa ne ta Zwide, kakarsa ta raine shi cikin yunwa, sai da aka hango shi yana ɗan shekara 12 aka ba shi tallafin karatu a makarantar Grey ta masu hali sannan hanya ta buɗe. Yawancin 'yan wasan ƙasar har yau daga irin waɗannan 'yan tsirarun makarantu masu tsada suke fitowa, irin su Makazole Mapimpi da ya taso daga ƙauye ba ta wannan hanyar ba ƙalilan ne. Shi ya sa ni rigimar da ake yi kan a ware kaso nawa ga baƙaƙe a ƙungiyar ƙasa ba ta cika burge ni ba, yaron da makarantarsu ba fili ba koci ba abincin kirki ina zai kai ga kason?

TAMBAYA: Da gaske ne akwai 'yan Afirka ta Kudu da suke goyon bayan New Zealand a kan ƙasarsu? (Daga wani direba a Garwa)

AMSA: Ƙwarai kuwa, musamman a Cape Town cikin al'ummar da gwamnatin wariya ta yi wa lakabi da ruwa-biyu. A da a filin Newlands wani ɗan lungu ake ware musu a bayan raga, to su kuma duk baƙon da ya zo shi suke yi wa tafi dan su ƙuntata wa Springboks, balle da suka ga Bryan Williams mai kama da su yana keta Turawa a 1970. Kaka ya ba uba, uba ya ba ɗa, yanzu ya zama gadon gida. Zuwan su Kolisi da Cheslin Kolbe ya janye wasu, amma har gobe in All Blacks sun sauka a Cape Town za ka ga 'yan gari da baƙaƙen riguna sun je tarbarsu a filin jirgi.