Me ya sa aka hana mu wanke jaririn?

Tambaya: Assalamu alaikum. Ƙanwata ta haihu a wani asibiti a Garwa. Ungozoma ta hana a yi wa yaron wanka, ta kwantar da shi tsirara a ƙirjin uwar, ta rubuta "Apgar 8/9" a kati. Inna ba ta ji daɗi ba. Mene ne dalili?
Wata mai karatu, Garwa

Amsa: Wa alaikumus salam, Allah ya raya. Ki kwantar wa Inna da hankali, ungozomar ta san aikinta.

Apgar awo ne da wata likitar Amurka, Virginia Apgar, ta fito da shi a 1952. Abu biyar ake dubawa a minti na farko da na biyar: bugun zuciya, numfashi, ƙarfin gaɓoɓi, motsinsa idan an taɓa shi, da launin jiki, musamman leɓe da harshe. Kowanne maki 0 zuwa 2 ne. Daga 7 zuwa 10 lafiya lau, don haka 8 a minti na farko da 9 a na biyar abin godiya ne. Amma jaririn da aka goge shi bai yi kuka ba, ba a tsayawa lissafi. Kafin minti ɗaya ya cika ake fara hura masa iska da jakar numfashi. Riƙe shi ƙafa a sama ana marinsa ɓata lokaci ne.

Batun wanka kuwa, ko a zafin Garwa na watan Afrilu jiƙaƙƙen jariri yana saurin yin sanyi, balle wanda bai kai kilo 2.5 ba. Ana son zafin jikinsa tsakanin digiri 36.5 da 37.5. Idan ya yi ƙasa, sikarin jininsa kan faɗi, ya kasa kama nono. Shi ya sa Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce a jinkirta wanka awa 24. A goge shi da busasshen zane, a canza wani, a sa masa hula, a lulluɓe su tare da uwar. Farin maiƙon jikinsa ba datti ba ne.

A sa shi a nono cikin awa ta farko. Kada a matse dakashi a zubar, kada a ba shi ruwa ko zuma. Cibiya kuma ban da toka, ban da man shanu, ta nan tetanus, ciwon da ke sandarar da jiki, ke shiga. Sai maganin da asibiti ya bayar.

Idan ya ƙi nono, ko numfashinsa ya haura 60 a minti, ko ya yi fizge-fizge, ko jikinsa ya yi rawaya a ranar farko, a mayar da shi asibiti ko da tsakar dare ne.