Wandon shiga ruwa mai fitar da gumi: wanne ne zai jure kamun kifi a kogi?

Tambaya: Assalamu alaikum. Ina zaune a Sikotilan, kuma na fara kamun kifi da fatsa a Kogin Tweed. Na sayi wandon shiga ruwa, irin mai kaiwa ƙirji da ake kira weda, amma bai yi wata shida ba ya fara yoyo ta hantsa. Yanzu ina son mai fitar da gumi wanda zai daɗe. Me zan duba?

Amsa: Wa alaikumus salam, Malam. Yoyo ta hantsa yawanci alama ce ta wando bai yi wa mai shi daidai ba, don haka daga awo za mu fara kafin a zo maganar kamfani.

Awo uku ake yi: inda ya fi kauri a jikinka, ƙirji ne ko ciki ko ƙugu, sai tsawo daga hantsa zuwa ƙasa, sai lambar ƙafa. Na biyun ne mutane suka fi sakaci da shi. Idan ƙafar wandon ta yi gajarta, duk lokacin da ka ɗaga ƙafa za ka hau gaɓa ɗinkin hantsa ne ke ɗaukar nauyin, har tef ɗin da aka like shi da shi ta ciki ya ɗaye. Idan kuma ta yi tsawo, yadin zai tattare a gwiwa da cinya, yana gugar juna a kowane taku har ya huje. Ka gwada shi a kanti da kayan sanyin da za ka sa a kogi. Ka tsuguna, ka durƙusa, ka ɗora ƙafa ɗaya a kan kujera. In ka ji yana ja a hantsa ko gwiwa, ajiye shi, komai kyansa.

Sai yadi. Abin da ke sa wandon fitar da gumi wata siririyar fatar roba ce da aka saka tsakanin yadi da yadi, mai ƙofofin da tururin jiki ke bi ya fita amma ɗigon ruwa ba ya iya shiga. Wadda ta fi shahara ita ce Gore-Tex, kuma kamfanin Simms na jihar Montana a Amurka ya fara yin wandon ruwa da ita a 1993. Yanzu Orvis da Patagonia da wasu suna da irin tasu. A jikin takarda za ka ga an rubuta ninki uku, huɗu ko biyar. Shawararmu ita ce mai ninki uku a ƙirji, huɗu ko fiye daga mazaunai zuwa ƙasa, domin nan ne ƙaya da dutse da wayar shingen gonaki ke kamawa.

Juya wandon bai-bai ka dubi ɗinkin da idonka. Tef ɗin ya kwanta sumul, ba kumburi, ba gefen da ya ɗago, musamman inda ɗinki uku suka haɗu. Wanda ɗinkinsa ya bi ta gaba da bayan ƙafa ya fi wanda ya bi ta tsakanin cinyoyi daɗewa, saboda ba ya gugar ɗan'uwansa. Mai zif a ƙirji yana da sauƙin sawa da cirewa, ga sauƙin yin fitsari, sai dai ya fi tsada kuma zif ɗin na son a riƙa wanke shi daga yashi.

A kogi mai duwatsu ka ɗauki wando mai safar roba haɗe a ƙafa, wadda kaurinta kan kai milimita 3 zuwa 4, ka sayi takalminsa daban. Shi ya fi riƙe idon sawu a kan mai takalmi haɗe. Safar ta zauna daidai ƙafa, don in ta yi yawa za ta naɗe a cikin takalmi ta huje a diddige. Takalmin yakan ɗara lambarka da ɗaya. Kullum ka sauke marufin tsakuwa, wato yadin ƙasan ƙafar wandon da ke hana tsakuwa shiga, a kan bakin takalmin, kuma kada ka taka ƙasa da safar. Ɗan guntun tabarma a but ɗin mota ya isa wurin tsayawa in za ka cire don alwala. Takalmi mai ƙasan roba da ƙusoshi ya fi sauƙin tsaftacewa. Mai ƙasan ulu yana kama dutse mai santsi, amma yana ɗaukar ƙwayoyin cuta da gansakuka daga kogi zuwa kogi, shi ya sa aka hana shi a Niyu Zilan da Alaska.

Don Allah kada ka shiga ruwa ba ka ɗaure bel ɗin ƙugu ba. In ka zame, shi ke hana ruwa cika ƙafafun wandon nan take.

Abin da ka sa a ciki ma yana da tasiri. Auduga na riƙe gumi, ka ji jiƙa ka zaci yoyo ne. Jins kuwa kaurin ɗinkinsa da maɓallansa na ƙarfe suna cin yadin ta ciki. Ulu ko foliyesta ne daidai.

Bayan kowace fita, ka juya wandon ka shanya cikin a inuwa, sannan ka mayar ka busar da wajen. Barin shi a jiƙe cikin jaka yana kawo funfuna, tef ya saki. In ka ga ruwa ya daina gangarewa a jikinsa yana shiga yadin waje, ka wanke shi da sabulun irin waɗannan kaya kamar na Nikwax, ban da maganin tausasa tufafi.

Ƙananan huji ba makawa ne. Juya shi, ka fesa sifirit irin na asibiti a inda kake zargi, hujin zai fito kamar baƙin ɗigo. Ko ka shiga ɗaki mai duhu ka zura tocila a ciki. Ka yi alama, ka shafa gam ɗin Aquasure siriri, ka bar shi ya kwana, awa 12 a shimfiɗe. Kada ka rataye shi ka cika da ruwa don neman yoyo, domin kowace lita kilo ɗaya ce, nauyin zai iya yaga ɗinki mai lafiya. In dole ne, kada ruwan ya wuce gwiwa. Idan tef ne ya ɗaye da tsawo, mayar wa kamfanin, don haka ka tambayi sharaɗin garanti da gyara tun kafin ka biya.