Ku Tambayi Kafinta: Ƙyauren Taga na Katako Daga Cikin Ɗaki

Tambaya: Na gina ɗakin ƙasa irin na gargajiya a gonata. Ina son ƙyauren taga na katako daga ciki, mai kama da aikin dā, don ado da tare rana. Faɗin tagar santimita 90 ne, tsayinta 120. Yaya zan haɗa shi da kaina? Daga wani mai karatu a Zariya.

Amsa: Malam, abin da zai sa aikin ya daɗe ko ya lalace shi ne bushewar katakon. Katako yana kumbura da damina, ya tsuke da hunturu, kuma ta faɗi yake wannan motsi, tsawonsa kusan ba ya canzawa. Don haka idan ka sayo shi, ka jera shi a cikin ɗakin, da 'yan sanduna tsakanin kowane falle don iska ta ratsa, ya yi aƙalla mako 2. Iroko ya fi jure gara, maɗaci ya fi kyan launi. Malaina tana da sauƙin aiki da araha, sai dai tana daɗewa ba ta bushe ba. Obeche kuwa ban ba ka shawararsa a ginin ƙasa ba, gara na cin sa da wuri.

Bangon ƙasa ba ya riƙe sukuru, saboda haka dole tagar ta sami firam na katako da aka kafa sosai, a jikinsa za ka rataya ƙyauren. Ka auna faɗin cikin firam ɗin a sama da tsakiya da ƙasa, ka yi aiki da mafi ƙanƙantar awon. In 90 ya ba ka, ka yi ƙyaure biyu, kowanne faɗin 44.5, tsayi 119.4, domin a sami sararin kamar milimita 3 a gefuna da tsakiya. Kowane ƙyaure falle 3 zai ci, masu faɗin 14.7 da kaurin santimita 2, da tazarar milimita 2 a tsakaninsu.

Sai ka gicciya katako 2 a kan fallayen kowane ƙyaure, faɗin santimita 7, tsawo 42, ɗaya santimita 15 daga sama, ɗaya 15 daga ƙasa. Na ukun ya tafi a karkace tsakaninsu, ya tashi daga ƙasa ta gefen hinji, ya ƙare a sama ta bakin da ke buɗewa. Mutane da yawa suna juya wannan, sai ka ga bakin ƙyauren ya sunkuyo yana gogar firam, domin tokarar ba ta ɗauki nauyin ba.

A nan ne nake so ka fi kula: kada ka shafa gam tsakanin fallayen da katakon gicciye. Gam zai hana su motsi, iskar hunturu na kaɗawa sai su tsage. Sukuru mai tsawon santimita 3.5 ya isa, biyu a kan kowane falle, kuma ka fara huda ƙaramin rami kafin ka ɗaura, musamman kusa da baki. Hinji 2 ga kowane ƙyaure, daidai inda katakon gicciye yake, sai ƙaramar sakata.

Wajen ado, ƙusa mai babban kai da aka jera a kan gicciyen tana ba shi kamar tsohuwar ƙofar zaure. Kana iya sassaƙa dagi a fallen tsakiya, zurfinsa kada ya wuce milimita 4. Ka goge da samfefa mai lamba 120, ba sai ya yi sumul ba, alamun zarto kaɗan suna ƙara masa kyau.

Tambaya: Na shafa wa ƙyauren tagata mai a fuska ɗaya, yanzu ya lanƙwashe. Me ya jawo? Daga wata mai karatu a Maraɗi.

Amsa: Hajiya, fuskar da ba a shafa ba ita ce ke shan laima ita kaɗai, shi ya sa ya lanƙwashe. A sauke shi, a kwantar a inuwa, a ɗora masa nauyi na wasu kwanaki, sannan a shafa masa mai ko'ina, gaba da baya da gefuna, har kan yankan sama da ƙasa, sau 2. In man linsid ne, wato wani mai da ake shafa wa katako, a shanya tsumman da aka yi shafar da shi a buɗe a waje, domin idan aka dunƙule shi da mai a jiki yana iya kamawa da wuta da kansa.