Ko a tallafa wa ƙungiyar da ke kare gonakin gefen birni?

Malam, ka tambaya ko ya dace ka sa kuɗinka a ƙungiyar da ke tara gudummawa don sayen gonakin Kumbotso da Ungogo, ta hana a yanka su a mayar da su filayen gini. Ya dace ƙwarai, domin manomi shi kaɗai ba ya iya jure tayin dillalan fili, musamman a shekarar da taki ya yi tsada, kuma daga irin waɗannan gonaki da fadamu ne alayyafo da latas da albasa ke shigowa kasuwannin Kano da sassafe.

Sharaɗina ɗaya ne: ka nemi a nuna maka sunan da za a rubuta a takardar filin kafin ka bayar da ko sisi. Dokar Amfani da Filaye ta 1978 ta danƙa ƙasar kowace jiha a hannun gwamna, abin da mutum ke riƙewa izinin zama ne, saboda haka gonar da aka saya da kuɗin jama'a sai ta kasance da sunan amintattun ƙungiya masu rajista da CAC, hukumar rajistar kamfanoni da ƙungiyoyi, ko a yi mata wakafi a rubuce gaban shaidu. Na ga wata gona da aka saya da sunan shugaban ƙungiya saboda an yarda da amanarsa, kuma lallai mai amana ne, amma da ya rasu sai ta shiga cikin rabon gado, damina ba ta zagayo ba 'yan awon igiya suka kakkafa turaku a inda ake shuka dawa.