Kafin ku taɓa ɗakin Gwaggo, ga abin da za ki duba

Wa alaikumus salam 'yar'uwa. Na karanta tambayarki a kan gwaggonki, dattijuwar da mijinta ya rasu take zaune ita kaɗai a ciki da falo nan Jos, kaya sun cika mata ɗaki har maƙwabta sun fara ƙorafin wari, 'yan'uwanki kuma na cewa a bari ta tafi biki a kwashe komai a kai bola. Kin ce kina so ki san ko halin tsufa ne kawai ko abin ya kai a tashi tsaye. Na ga wasu sun ce miki rowa ce, wasu sun ce iska ce. Ni ma'aikaciyar lafiya ce a matakin farko, na daɗe ina shiga gidajen mutane a Jos ta Arewa, daga rigakafi har bibiyar masu tarin fuka da tsofaffin da ƙafa ta hana zuwa asibiti. Zan faɗa miki yadda nake duba irin wannan ɗaki.

Kada ki auna da yawan kaya. A garin nan ma'aunin ba zai gaya miki gaskiya ba. Rikicin 2001 da na 2008 da na 2010 sun tayar da mutane daga gidajen kansu masu ɗaki biyar ko shida, sun dawo haya a ɗaki ɗaya da abin da suka tsira da shi. Ga kuma al'adar iyayenmu ta jere: kwalla da samira da tasoshi har rufi, akwati kan akwati, jakunkunan gana-mas-go a bayan gado. Ɗakin tsohuwa zai iya cika maƙil alhali lafiyarta ƙalau. Abin tambaya shi ne ko ɗakin yana yin aikin da aka gina shi dominsa.

Ki fara da gado. A ina take kwana? In kaya sun cinye katifa sai ɗan gefen da take raɓawa, ko ta koma barci a zaune kan kujera, abin ya wuce son ajiya. Ki duba inda take ɗora tukunya, ki duba ko hanyar banɗaki a buɗe take ko sai ta tsallake kaya a cikin duhu. Ki duba inda take shimfiɗa sallaya. Wannan na ƙarshe ina ba shi muhimmanci sosai, domin mace da ta yi shekara saba'in tana kiyaye tsarkinta ba ta barin wurin sallarta ya ɓaci sai in wani abu ya fi ƙarfinta. Sannan ki tura ƙofa ki ga ko tana buɗewa har bango ko rabi take tsayawa, ki ga taga ko an toshe ta. Ni kan tambayi kaina: in ta faɗi cikin dare, maza biyu za su iya shiga su ɗauko ta su fito? In amsar a'a ce, wannan kaɗai ya isa a ce ɗakin ya zama haɗari, ko da babu wari ko kaɗan.

Batun wuta kuma ki ɗauke shi da gaske saboda sanyin garinmu. Jos na kan tudu ne, sama da mita 1,200 daga teku, kuma kin san yadda Disamba da Janairu suke. Tsofaffi kan shigo da kaskon gawayi ɗaki su rufe ƙofa. A ɗakin da yake cike da leda da kwali da tsumma, tartsatsi ɗaya ya isa. Ko wuta ba ta tashi ba, gawayi a rufaffen ɗaki yana fitar da iska mai guba wadda ba ta da wari ba ta da launi, mutum ya yi barci bai farka ba. Ki lura da kyandir, da risho, da galan ɗin kananzir, da wayar lantarki da kaya suka danne. Lungunan unguwanninmu irin su Anguwan Rogo da Gangare ba ko'ina motar kwana-kwana ke shiga ba, kuma gidan haya ne, ba ranta kaɗai ake magana ba.

To yanzu ga abin da na fi so ki riƙe. Tara kaya daban, zama cikin ƙazanta daban. Sukan haɗu a ɗaki ɗaya, amma tushensu ba ɗaya ba ne, maganinsu ma haka.

Akwai wani dattijo da na riƙa kai wa magani, tsohon ɗan kasuwar Taminus ne, gobarar 2002 ta cinye masa shago. Tun daga nan bai ƙara yar da komai ba. Kwalaye, robobin ruwa, tsofaffin rediyo, jaridu, duk a ɗaure da igiya, sai 'yar siririyar hanya daga ƙofa zuwa gado. Amma babu wari, kwanon abincinsa a wanke, rigarsa fes, kuma in ka tambaye shi wani abu ya san kwalin da yake ciki. In ka ɗaga roba ɗaya ka ce a yar, sai ka ga jikinsa na rawa. Wannan shi ne ciwon tara kaya. Likitocin ƙwaƙwalwa na Amurka sun ware shi a matsayin ciwo mai zaman kansa a 2013, Hukumar Lafiya ta Duniya ma ta saka shi a sabon kundinta na cututtuka da ya fara aiki a 2022. Yawanci yana farawa tun ƙuruciya a hankali, ya tsananta da shekaru, rashi ko asara kuma sukan ƙara masa ƙarfi.

Akwai kuma wata baiwar Allah, tsohuwar malamar makaranta, wadda maƙwabta suka shaida cewa a da tsakar gidanta ake misali da shi. Ɗakinta bai ma cika sosai ba. Amma tuwon kwanaki na nan a langa ya yi funfuna, fo a ƙarƙashin gado ba a zubar ba, zanin jikinta ya daɗe bai ga ruwa ba, ga maganin hawan jininta a leda ba a taɓa ba. Da na yi mata magana sai ta dube ni da mamaki ta ce ai yanzu ta gama shara. Ba ƙarya take yi ba, haka take gani. Da aka kai ta asibiti, ciwon mantuwa ne ya fara kama ta. Hausawa na cewa mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo, to wannan ciwon abin da yake fara ɗaukewa ke nan. Ɓangaren gaba na ƙwaƙwalwa, wanda ke tsara aiki da sa mutum ya lura da halin da yake ciki, shi ne kan raunana. Mantuwar tsufa na kawo haka, shanyewar ɓarin jiki ko da ƙarama ce tana kawowa, haka matsananciyar damuwa bayan rashi, da taɓin hankali, da shaye-shaye.

Tsakanin su biyun, ɗakin dattijon ya fi cika nesa ba kusa ba, amma malamar ce ke cikin haɗarin gaggawa. Shi ya sa warin da kika ambata ya fi tsaya mini a rai fiye da kayan. Ki gano daga ina yake fitowa. Warin ɗakin da aka daɗe ba a buɗe ba, ko na danshin damina irin na watan Agusta, abu ne mai sauƙi. Warin ruɓaɓɓen abinci, ko fitsari, ko bayan gida, ko mushen ɓera, wannan magana ce ta daban. Ki buɗe tukwane da kuloli, ki duba randa ko bokitin da take shan ruwa, ki ɗaga gefen katifa ki ga ko da kuɗin cizo ko jiƙa. Ki dube ta ita kanta: farcenta, kitsonta, ko ta rame, ko akwai gyambo a ƙafa, musamman in tana da ciwon suga.

In kin ga kashin ɓera a kan kwanuka ko cikin buhun hatsi, kada ki ɗauke shi ƙaramin abu. Zazzaɓin Lassa ta fitsari da kashin ɓera yake shiga abinci, kuma garin nan ya san shi tun farko. A 1969 nan Jos aka kawo ma'aikaciyar jinyar mishan da ta kamu a garin Lassa na Borno, a nan ta rasu, a 1970 kuma cutar ta ɓarke a garin har ta kashe likita Jeanette Troup. Da rani ya fi yaɗuwa. Ranar da za a yi gyara kada a share kashin ɓera a bushe ƙura ta tashi. A yayyafa ruwan Jik ko Hypo tukuna, a sa safar hannu da takunkumi, abincin da ɓera ya taɓa a zubar.

Kin tambaya ko akwai wani ma'auni da masana ke amfani da shi. Akwai. Ɗaya na hotuna ne, Randy Frost da Gail Steketee da abokan aikinsu a Amurka suka fitar a 2008, sunansa Clutter Image Rating, in kin rubuta a Google za ki gani. Hotuna tara ne na falo, tara na ɗakin kwana, tara na kicin, daga wanda yake fayau zuwa wanda kaya suka kusa taɓa rufi. Ana zaɓar wanda ya fi kama da ɗakin, daga na huɗu zuwa sama ana cewa a nemi taimako. Amfaninsa a wurina shi ne raba gardama tsakanin dangi, kowa ya nuna lamba maimakon wannan ya ce ya yi yawa wancan ya ce ba komai. Sai dai ɗakunan Turawa ne a hoton, kuma cika kawai yake aunawa. Da shi kaɗai za a bi, da malamar nan ta wuce a matsayin mai lafiya. Na biyun ya fi dacewa da matsalarki: Graeme Halliday da John Snowdon, likitoci a birnin Sidni na Ostireliya, suka wallafa shi a 2009. Abubuwa goma yake dubawa, har da hanyar wucewa, tarin shara, tsaftar daɓe, banɗaki, kicin da abinci, wari, ƙwari da ɓeraye, da wurin kwana. Kowanne ana ba shi maki daga 0 zuwa 3, in jimilla ta haura 12 ana ɗaukar ƙazantar ta kai matsakaiciya ko mai tsanani. Za ki iya yin irinsa a zuciyarki, ba sai kin shiga mata ɗaki da biro da takarda ba, don hakan zai ƙona mata rai.

Amma babu lambar da ta kai wannan tambaya: tun yaushe? Ki tambayi babanki, tunda shi ya tashi da ita, ki tambayi matan gidan. In suka ce ai tun tana amarya ba ta yar da gwangwani, wannan tsohon hali ne da ya girma, za a bi shi a sannu. In suka ce da ba haka take ba, cikin shekara ɗaya ko biyu ta canja, tana maimaita magana, tana manta tukunya a wuta, tana zargin an sace mata abin da ita ta ɓoye, to asibiti ne kafin tsintsiya. Asibitin Koyarwa na Jami'ar Jos da ke Lamingo yana da sashen lafiyar ƙwaƙwalwa, ko ku fara da likitan da ke duba ta ya tura ku. In kuwa cikin 'yan kwanaki ta rikice, ba ta gane mutane ko ga zazzaɓi, kada a kwana, domin cutar mafitsara ko hawa da saukar suga kan rikita tsoho haka, kuma ana warkewa. A yi addu'a, a yi sadaka, amma a je. Ina roƙonki kuma ki tsawata wa duk wanda ya fara kawo zancen maita. Na ga tsofaffin da rashin lafiya ta kama, unguwa ta guje su saboda irin wannan magana, yara na jifan ƙofarsu.

Wani lokaci ma abin bai kai nan ba. Gwiwa ce ta ƙi, ko yanar ido ta hana ta ganin dattin, hanci kuma ya daina jin wari kamar da, famfo ba ya kawo ruwa, kuɗin 'yan ga-ruwa ya gagara, kunya ta hana ta roƙo. Hanyar ganewa mai sauƙi ce. Ki je da abinci, ki zauna ku yi hira, sannan ki ce, Gwaggo bari in ɗauraye miki kwanukan nan in fitar da shara. Wadda ƙarfi ya ƙare wa za ta sa miki albarka. Mai ciwon tarawa za ta bar ki ki wanke ki share, amma idonta na kan hannunki, da kin nufi ƙofa da leda za ta tare ki. Wadda ƙwaƙwalwa ta taɓu za ta ce wane datti.

Shawarar kwashewa a bayan idonta kuwa, ki hana su iya ƙarfinki. Ɗakin kan sake cika cikin watanni, ita kuma ta daina buɗe wa kowa ƙofa, daga nan ba mai sanin ta ci ko ba ta ci ba. Ban da haka, a cikin tsummokaran nan ne tsofaffi ke ƙulle takardar fili, da ɗan kunnen gwal, da kuɗin adashi, da likkafanin da suka tanada. Ku fara da abin da ba a jayayya a kansa, ruɓaɓɓen abinci da fo da shimfiɗar da ta jiƙe. Sai hanya daga gado zuwa ƙofa da banɗaki, sai nisanta kaya daga wuta. Sauran a bi da izininta, jaka ɗaya a zama ɗaya. Da yawansu ba sa jure jin kalmar bola, amma in kika ce za a bai wa wata mabuƙaciya sadaka, ko a sayar wa 'yan gwangwan a kawo mata kuɗinta a hannu, sai ta saki. Mutum ɗaya ko biyu da take jin nauyinsu su riƙa zuwa, kada a yi mata gayya.

Maƙwabta kuma suna da gaskiyarsu, da yara a gidan. Babanki ya je ya same su da mai gidan, ya ce dangi sun sani kuma an fara gyara, ya nemi a ba ku lokaci. In abin ya so ya yi zafi ku sa mai unguwa a ciki tun kafin wani ya kira duba-gari ko a ba ta takardar tashi, don tsohuwa mai irin wannan lalura in aka raba ta da ɗakin da ta saba, rikicewarta ƙaruwa take yi. Allah ya ba Gwaggo lafiya, ya saka miki da alheri da kika tsaya tambaya.