Sandar gaban babur tana zubar da mai: ko zan iya gyarawa a gida?

TAMBAYA: Malam, ina kabu-kabu da babur Kasea tsakanin Birni da Zango, wata rana har Miriya. Sandar gaba ta hagu ta fara zubar da mai, kuma in na faɗa rami sai in ji ƙarfe ya bugi ƙarfe. Zan iya gyarawa da kaina a gida?
Mai karatu daga Garin Malam, Damagaram

AMSA: Ƙanena, za ka iya. Robar da ke tare mai a cikin sandar da ke riƙe tayar gaba ce ta cinye, aikin ƙurar hunturu da rairayin garinmu. Kada ka bari ya daɗe, don man yana gangarowa har wajen birki.

Abin da ya fi damuna shi ne inda za ka kafa babur ɗin. Na taɓa ganin wani yaro ya ɗora injin bisa tubalin ƙasa a tsakar gida, yana cire taya tubalin ya murƙushe, babur ya danne masa ƙafa. Har yau in na tuna sai gabana ya faɗi. Nemi daɓen siminti. In babu, shimfiɗa katako mai kauri. Ka tsayar da babur ɗin bisa ƙafar tsakiya, ka ɗaura buhun hatsi a kujerar baya har gaban ya ɗaga, sannan ka cusa guntun icce mai faɗi ƙarƙashin injin. Girgiza shi da hannu. In ya motsa, sake kafawa. Yara kuma su fita daga wurin.

Tun taya tana ƙasa za ka sassauta notin taya da murfin saman kowace sanda, don in ka tsaya kokawa da sufana bayan ya ɗaga, kai ne za ka ture shi. Murfin nan akwai sifirin a danne ƙarƙashinsa, danna da tafin hannu kana warwarewa, fuskarka a gefe. Ka lura da kan sifirin da ke sama, haka za ka mayar.

In ka cire taya ka zare sandar, zubar da tsohon man, ka wanke da kananzir. Shafa farce a jikin farin ƙarfen sandar, wanda ke shiga cikin robar: in akwai tsatsa ko ƙarzuwa, sabuwar roba ma ba za ta daɗe ba. Lulluɓe bakin ƙarfen da leda kafin ka zura robar, kuma ka canza duka biyu, hagu da dama.

Don Allah ban da baƙin man inji da aka juye. Sayi man sandar gaba mai lamba 10W, ka auna da sirinji gwargwadon yadda takardar babur ɗinka ta faɗa, kowace sanda daidai da 'yar'uwarta. In ka haɗa, kama birki ka danna gaban sau da yawa, sannan ka ƙarasa ɗaure notin taya.