Kai ɗaya, reza ɗaya

Ka tambaye ni, yaro, me ya sa nake jefar da reza bayan kowane kai, alhali ga sifirit a zabira, a goge a ci gaba. To, saurara.

Abin da na fi tsoro a wanzanci shi ne ciwon hanta, nau'in da likitoci ke ce wa B. Wata ƙwayar cuta da ake kira bairos ce ke kawo shi, ta jini yake bi, kuma yakan kwana 7 a busasshen jini a bakin aska yana nan da ransa. Ba sai ka ga jini na zuba ba, ɗan ƙwarzanen da ka yi wa mutum a ƙeya ya isa. Mai ɗauke da shi kuwa sau da yawa garau yake, zai zauna a tabarmarka ana raha, a yi shekaru kafin idonsa ya yi ɗorawa ko cikinsa ya kumbura. Abin tausayi jarirai ne, don cikin 10 da suka kamu a wannan lokacin, kusan 9 cutar takan zauna musu har girma. Shi ya sa ranar askin suna kake ji ina tambaya ko an yi wa yaron allurar rigakafin da ake yi ranar haihuwa. Ƙanjamau ma ta jini take bi, sai dai ba ta da naci a waje kamar wannan.

Sarƙe-haƙora hanyarta daban. Bakteriya ce, wata irin ƙwayar cuta daban da bairos, da ke kwance a ƙasa da kashin dabbobi, kuma sifirit ba ya kashe ta. Don haka kada ka ajiye aska a ƙasa, kada ka bari a barbaɗa toka a kaciya ko a cibiya, ko da kakar yaron ce ta ce a yi. In jariri ya daina kama nono, muƙamuƙinsa ya sandare, ba aikinmu ba ne, a tafi asibiti nan take.

Kafson da mutane ke fasawa su zuba a miki, in ma ya yi aiki, a kan bakteriya ne. Bairos ko a jikinsa.

Ƙaho da sauran ƙarafan da ba a jefarwa, ka wanke da sabulu tukuna, sannan su tafasa minti 20. Sabuwar reza ka ɓare ta a gaban wanda za ka yi wa askin ya gani da idonsa. Tsohuwar ka jefa a gwangwanin can mai murfi, ban da bola, yara na tsince-tsince a wurin.